Ranar da Aka Tada Injin Gurza

Zuwa ga Kaka Ilu,

Salamu alaikum, tsoho. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma cewa kake rubutuna kamar sawun kaji a taɓo.

Ka sa na yi maka alkawarin ba zan bar Funtua ba sai an sake tada injin gurzar audugarku. To an tada. Kar ka yi murna. Manya ne suka zo wai za su sama wa matasa aiki. Aka shafa wa ƙofar kamfanin fenti, ta waje kawai. Aka aro dilolin auduga wurin masu katifa aka jera. Mu kuma aka ba mu kaki da hular kwano, aka tsai da ni daidai inda ka ƙare ƙarfinka. Janareta ya tashi, jiniya ta yi kuka. Har Inna Ladi mai waina ta kinkimo tandarta ta dawo bakin ƙofa tana guɗa. Kafin la'asar an gama hoto, an kashe janareta, an karɓe kakin. Wani mai tumbi har titi ya biyo ni saboda hula. Ƙullun Inna Ladi a roba ya yi tsami. Waɗannan ka ce in jira?

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka tuna safiyar da ka ji jiniya bayan an daɗe da rufe kamfanin, ka zura tsohon kakinka ka fita ba takalmi? Ni ne. A waya na kunna ta, a bayan tagarka. Na bi ka ina toshe baki don dariya. Ka tsaya kana kallon kwaɗon ƙofar, ka dawo ka ce kunnenka ne ya tsufa. Sai da aka cire hular nan daga kaina na san abin da na yi maka. Ni dai ƙuruciya ce, kuma ban gayyato masu hoto ba. Su fa, da furfurarsu?

Injin ya juya, Kaka, na gani da idona. Ba ka ce sai ya kwana yana juyawa ba. Jibi zan hau tirelar masara in yi kudu neman na kaina.

Ka yafe mini jiniyar, ka yafe mini tafiyar. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Jikanka mai ja maka gemu,
Ɗanliti