Na Ƙarshe Wallahi

Yaya Nusrat,

Na wuce kasuwar Kejetia, ban so in tashe ki ba. Bayan asuba na je ɗora manhajar odar waakyen Mma, shinkafa da waken da take sayarwa, a sabar intanet, sai na tarar da fayil uku: "na ƙarshe", "na ƙarshe sosai", da "na ƙarshe wallahi". Na ɗauki mai rantsuwar, don na san ba kya rantsuwa a banza. Ashe tsoho ne, mai lambar wayar Kawu Bawah. Tun ɗazu ake kiransa ana neman waakye da ƙwai, ya ce yana tafe gidan nan.

Don Allah daga yau ki riƙa sa musu lamba, ɗaya, biyu, uku. Ki ɗora na gaskiyar kafin Kawu ya iso. Ni dai sai magariba zan dawo.

Fataw