Jinin da Ya Kwanta a Idonki

Zuwa ga sanyin raina, inuwata a tsakar rana, ruwan randata,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu har sau dubu. Kada ki yi dariyar girman rubutun nan. Da buroshin da nake rubuta allunan shaguna na yi shi, don kada ki wahalar da lafiyayyen idon, har ya cinye mini kwali ashirin da biyu. In kuwa Yaya ce ke karanta miki, to Yaya, don Allah a rage murya, Baba na falo.

Yau kwana goma sha tara rabona da ke. Goma sha tara! Kullum in zo ƙofarku, in tarar an saki labulen ɗakinki, a ce haske na sukar idonki, kuma kin hana a bar ni in shiga. Sai in tsaya ina kallon labule kamar wanda aka aiko ya manta saƙo. Wace irin rana ce wannan da take fitowa ba ta same ki ba? Kewarki ta hana ni sukuni, shekaranjiya allon mai aski na rubuta wa mai wanki.

Kin tuna ina kan tsani, ina rubuta allon shagon ɗinkinki? Kika fito da tef a wuya, kika kanne ido ɗaya, kika ce, "Malam, layin ƙasa ya karkace." Na rantse bai karkace ba. Na sauko, na ja da baya, ashe ya karkace! Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a ba wanda ya taɓa kama ni sai ke. Kwana uku na yi ina gyaran aikin awa ɗaya, kuma kin san dalili.

Ni na cuce ki, masoyiyata, ba zan ɓoye ba. Da idon ya fara ja, kina cewa yana yi miki zugi har cikin kai, ni na ce ai mu masu fenti kullum a haka muke. Na zaro kwalbar maganin da nake ɗigawa in ƙaurin fenti ya shige mini ido, na ba ki ina taƙama. Mako uku kina ɗigawa don kin yarda da ni, har jini ya kwanta a ƙasan baƙin idonki. Yaya ta ce likita ya ce kumburi ne can ciki, shi ya fasa 'yan jijiyoyin, da an zo da wuri da bai kai haka ba. Yanzu a zaune kike barci, an hana ki sunkuyawa, keken ɗinkinki na lulluɓe. Wayyo ni! Da hannuna na miƙa miki kwalbar nan.

Jiya Yaya ta fito, ba ta ko iya kallona, ta ce, "Ta ce ka je ka nemi mai ido biyu." In fushi ne, na cancanta, ki yi ta yi har ki gaji. Amma in don kada in gan ki a haka ne, haba tauraruwata! Ido na zo nema a gidanku? Wa zai gaya mini gaskiya in na karkace?

Ranar Talata za a sake auna idon, a faɗi ko na hagun zai dawo. Ki bar ni in raka ki. Ba zan yi surutu ba, ba zan sake yi wa kowa likitanci ba. In ya dawo, ina so in kasance cikin abin da zai fara gani. In bai dawo ba, titin asibitin nan akwai babura, kuma ta hagu suke ɓullowa. Nan zan tsaya, a hagunki, ranar Talata da duk ranakun da ke bayanta.

Naki, muddin da numfashi a ƙirjina,
Mai fentinki