Taurarin da Ba Su Fito a Hoto Ba

Hamma Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya Adda Hauwa da yara? Mu a Yolde Pate lafiya lau.

Jiya Baffa ya ga hoton 'yan sama jannati, ya ce ƙarya ce, tunda babu tauraro ko ɗaya. Na ce hasken rana a fararen kayansu ne ya cika kyamara, ƙaramin haske ba ya fitowa. Ya ƙi yarda. Sai na ɗauko hoton aurenka: kai cikin rana da farar riga, ƙofar zaure baƙa ƙirin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Innarku, Allah ya jiƙanta, nan ciki take tsaye tana leƙenka."

Ka sa mu a addu'a, ita ma. Gai da kowa.

Ƙanwarka,
Asma'u