Tsohuwa Ta Dawo Gida

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da jikokina. Yaya aikin asibiti, yaya gajiyar hanya? Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan da kika sani.

Na ji daɗi da kika ce Tsohuwa ta kai ku gida ba ta yi ko tari ba. Dama na gaya miki, motar dizal ba a duba shekarunta, hannun da ya riƙe ta ake dubawa. Ni ma ta hannu na saye ta kina goye, kuma ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba.

Da safe kada ki murɗa makulli gaba ɗaya. Ki jira fitilar hita, mai nuna ana ɗumama injin, ta mutu tukuna, sannan ki tayar, ki bar ta ta ɗumama kafin ki sa giya. Kada ki bari mai ya ƙare ƙaf a tanki, iska za ta shiga layi ki sha wahala. Ki riƙe gidan mai guda ɗaya wanda ba ya gauraya dizal ɗinsa da ruwa. In lokacin juyen baƙin mai ya yi, ki kawo ta nan na yi mata da hannuna, domin yaran gareji ba sa canza filta sai an tsaya a kansu.

Tsakar gida ta yi faɗi da yawa. Jiya na fito da bokiti da tsumma, sai da na tsaya a inda take kwana na tuna ba ta nan. Da mahaifiyarki na raye da ta yi mini dariya har ta zauna.

Naki,
Babanki

Uwata,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin autarki, zazzaɓin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na samu saƙonki cewa an yi juyen a can saboda ba ki da hutu. Ba komai, aiki ne. Galan ɗin baƙin mai da na saya yana nan bayan ƙofa, ba ya lalacewa.

Kin ce tana wuyar tashi, tana baƙin hayaƙi, har abokan aikinki na tsokanarki wai kin zo da injin niƙa. Ki bar su. Ƙarar nan muryarta ce tun tana yarinya. Baƙin hayaƙi kuwa yawanci filtar iska ce ta toshe, ko nozul mai fesa mai a injin ke son wanki. Kada ki yarda wani ya taɓa famfon mai. Wanda bai san dizal ba in ya buɗe famfon nan ya kashe motar.

Da na ce ki kawo ta wurin abokina Dogo makaniki, to Dogo ya rufe gareji. Ɗansa ya zo ya tafi da shi saboda hawan jini. Na bi ta wurin, na tarar an share ramin da yake shiga ƙarƙashin mota, wani yana sayar da kujerun roba. Bencin da muke zama a kai muna musu kan injuna ma an ɗauke. Yanzu daga masallaci sai gida. Ina kunna rediyo don a ji murya a ɗaki, amma ba na bin abin da suke faɗa.

Ki shafa mini kan yaran.

Babanki

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina taya ku murnar sabuwar mota. Allah ya sa alheri, ya tsare ku da ita.

Direban da maigidanki ya aiko ya iso da Tsohuwa. Da na ji ƙararta a bakin layi na fito ba takalmi, na ɗauka ke ce. Mutumin kirki ne, ya sha ruwa, ya miƙa mini makulli ya tafi tasha.

Na karanta takardarki. Kin ce in sayar da ita tun tana da sauran daraja, kuma kada in sake tuƙi saboda abin da likitan ido ya faɗa. Ban san ya gaya miki ba. Gaskiya ne, idon hagu ya yi hazo, shi ya sa ma na ba ki ita. Amma na dama yana gani sarai da rana.

Na buɗe bonet. Ba abin da ya same ta sai rashin mai duba ta. Na kwance ƙasan filtar mai, ruwa ya zubo kamar daga buta. Na sa sabuwa, na yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fita, na wanke bakin batir, na ɗaure fanbel, na yi mata juye. Aikin da da nake gamawa kafin azahar ya ci mini kwanaki, don in noti ya faɗi sai na lalube shi da yatsa a ƙasa. Amma da na murɗa, bugu ɗaya ta tashi, hayaƙinta fes. Na juya zan ce a zo a ji, babu kowa.

Masu saye sun zo, ɗaya yana son ya dinga ɗaukar buhuna da ita. Na ce ina shawara.

Babanki mai ƙaunarki

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina rubuta miki wannan a kan sitiyari, a ƙofar gidanku, ki yi haƙuri da karkacewar rubutun.

Na san za ki yi faɗa. Na taso da hantsi, na riƙe gefen hanya, manyan motoci suna ta yi mini hon ina ba su wuri. Na tsaya sau da yawa na duba ruwan lagireto, ban ga ta yi zafi ba. Hawan nan mai tsawo ta haye shi ba ta nemi giya ɗaya ba. So nake ki ji ta da kunnenki, ki san ba ita ce ta gaza ba. Kuma ina son ganin yaran, kar in ɓoye miki.

Na buga ƙofa shiru. Maƙwabciyarki ta leƙo ta ce kin samu hutu, kun tafi wurin dangin maigidanki, sai wani makon. Ta kawo mini ruwa da kujera, ta so ta kira ki a waya, na hana ta. Ita zan bar wa takardar nan ta ba ki. Kada ki ji nauyi in kin karanta wannan. Su ma iyaye ne, kuma ni ban sanar zan zo ba.

Na leƙa ta saman katanga na ga kekunan yaran jingine da bango. Ashe babban har ya kai hawa mai ƙafa biyu.

Zan juya yanzu tun rana tana sama, don in ta karkata ba na rarrabe rami da inuwa. Na yi miki alkawari wannan ce tafiyata ta ƙarshe a bayan sitiyari. A hanya na kusa taka wani mai akuya da ban gani ba sai da ya yi ihu. Kin yi gaskiya.

Amma ba zan sayar da ita ba. Zan ajiye ta a tsakar gida, kowace safiya in tayar da ita ta yi ƙararta. Ranar da maƙwabta ba su ji ta ba, sun san su zo su buga ƙofa.

Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuriya.

Babanki