Mai Ƙwanƙwasa Kashi na Huɗu

Kafanchan, 3 ga Maris

Zuwa ga Hulda, Maman Doreen,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Kachia, yaya kasuwar citta?

Yaran zumuntar matasa sun dame ni sai na yi musu kashi na huɗu na fim ɗinmu, Mai Ƙwanƙwasa. Kin tuna yadda muke yi a gindin dutsen Kagoro? Dodo ya buga ƙofa, ki sa sakata ki yi ihu, Fasto ya zo ya yi addu'a, dodo ya faɗi. Sau uku muka yi haka, mutane ba su gaji ba.

Wannan karon babu dodo. Tun da mijinki Azariya ya rasu, ban ga wanda zai shiga buhun dodon nan a madadinsa ba. Amma in babu ke, babu fim. Ki zo.

Naki,
Meshak

Kachia, 11 ga Maris

Ticha,

Muna lafiya, mun gode Allah. Ritaya ta taɓa maka kai ne? Fim na ban tsoro babu dodo, wa zai kalla? Ka ba Kaleb na zumuntar matasa buhun, ai dogo ne. Ni kuma yanzu na yi jiki, in na gudu sai dai a kwashe ni.

Gaskiya ba na son ganin dutsen nan. A wurin ne Azariya ya fara ce yana sona, da ganyen ayaba a kansa, ina dariya har na zauna ƙasa. Ka bar ni.

Ka gai da matarka Emilia.
Hulda

Kafanchan, 20 ga Maris

Maman Doreen,

Ina fata kin tashi lafiya. Na gwada Kaleb. Ya fito yana tafiya daidai kamar mai zuwa sujada, yara suka fashe da dariya. Sai lokacin na gane ba buhun ke ba mutane tsoro ba, ɗingishin Azariya ne, da yadda yake jan ƙafar hagu kafin ya buga. Na koma gida na yi kuka, ban ɓoye wa Emilia ba.

Ga labarin. Matar ta tsufa, tana zaune da rana tsaka, sai ta ji bugu. Ba ta sa sakata ba, ba ta kira Fasto ba. Ta tashi ta buɗe, babu kowa. Idan ya yi miki nauyi, zan ce wa yaran su haƙura.

Ubangiji ya kiyaye ki.
Meshak

Kachia, 24 ga Maris

Ticha,

Zan shigo motar Asabar da safe. Kada ka aiko mini da takardar haddacewa. Shekara biyu ke nan ina buɗe ƙofar nan ni kaɗai.

Hulda