Tuwo Na Jira

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na zo miki da labari, kamar yadda nake zuwa in zauna bakin tabarmarki kina tsintar wake.

Inna, ba ki ga ranar da motar ta shigo gidanmu ba. Ina tsakar gida kwance da littafina, na kai daidai wurin da saurayi zai tsaya da mota a ƙofar gidan budurwa, sai na ɗaga kai na ga mota a tawa ƙofar. Ko tari ba ta yi ba. Kaji ma ba su watse ba. Surukinki ya fito yana dariya, ya ce wannan ba ta shan mai, wutar lantarki take ci, kuma da ita zai riƙa jigilar fasinja tsakanin Filinge da Bonkuku. Kin sha ce mini littattafan nan za su sa tuwona ya ƙone. Ranar ya ƙone.

Motar tana da ido, Inna, wani ɗan ƙarami a saman gilashin gaba, bayan madubi. In akuya ta gitta, sai ta yi ƙara ta taka birki da kanta. Gwaggo Hajo, ƙawarki ta wajen masu bori, ta zagaya ta sau biyu, ta ce ko wane ne a ciki, mai hankali ne, a bar shi.

Kin san direbobinmu, mota ba ta zama tasu sai an yi mata rubutu a goshi. Maigida bai shawarce ni ba. Ya kai ta wurin mai fenti, ya dawo da ita da yamma, ya ce in fito in karanta. Da manyan baƙaƙe, a saman gilashin gaba, daga wannan gefe zuwa wancan: TUWO NA JIRA.

Maganarki ce. Duk wanda zai fita daga gidanki, ko rijiya zai je, sai kin bi shi da ita: “A dawo lafiya, tuwo na jira.” Shi ma da ita kike sallamarsa tun yana zuwa zance. Na tsaya na yi kuka har ya ji kunya. A tasha kuwa sunan ya bi motar, har tsofaffi na cewa su Tuwo-na-jira za su jira.

Tun daga ranar wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Maigida ya ce motocin zamani sun cika ƙorafi.

Ran kasuwar Bonkuku, yana dawowa da la'asar, rana a idonsa, saniya ta faɗo hanya. Ya saba motar ta riga shi gani. Ba ta yi ƙara ba, ba ta tsaya ba. Ya kauce, suka gangara cikin kwazazzabo. Allah ya tsare fasinja, shi kuma ya fashe a gira. Ƙarfen da ke juya ƙafar gaba ya karye. Shanu biyu suka jawo ta zuwa gari, mutanen tasha na tambaya ko yau ciyawa take ci.

A Yamai aka gyara ta, bayan mun daɗe muna jiran ƙarfen daga Kwatano. Makaniken ya ce fentin ya rufe idon, tun ranar rubutun motar makauniya ce, sai an kankare. Maigida ya biya shi, ya dawo da ita da rubutunta. Da na yi magana, ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba hannuna ne zai goge maganar Inna ba.”

A littattafaina, namijin da ya yi haka shi ake so, kuma wallahi na ƙara sonsa. Amma ni nake wanke masa girar nan, Inna. Ni nake tsayawa a zaure in rana ta yi sanyi, kuma motar da ba ta da ƙara ba a jin tahowarta daga nesa, sai dai a yi ta kallon hanya. Na tuna ke ba ki taɓa rubuta maganar nan ba, ko baƙi ɗaya ba ki sani ba. Da baki kike faɗa, kina riƙe da muciya.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sada mu a Aljanna. Ya kiyaye duk wanda ke bisa hanya, ya mai da shi gida ya tarar da tuwonsa da zafi.

Jibi zai koma aiki. Na sayi reza. Gobe da safe zan kankare rubutun da hannuna, kuma kullum zai fita, ni zan faɗa masa maganarki a bakin ƙofa.

Ɗiyarki,
Rabi