Ɗango na biyar da ba ka rubuta a kan allo ba

Malam,

Sallama irin ta addinin Musulunci, ko da yake na san babu mai kai maka wannan takarda, babu kuma ranar da za ka karanta ta.

Badaguishiri tana nan. Ruwa ya ƙi bana ma, rijiyar garkarka ta koma laka, albasa ta ƙone tun ba ta yi kai ba. Sani ya samu aiki wajen masu siminti a Malbaza. Ɗiyarka Hadiza ta shiga lakwal, makarantar boko, ta fara raina ajamina.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Fushi nake da kai.

Duk zamanmu, kana idar da sallar asuba sai ka rubuta baitin begen Manzo a allo, ɗango biyar, ka rera sau ɗaya a hankali, ka miƙo mini in wanke in zuba ruwan a gindin lemun tsami. Ka ce waƙar da aka adana ta zama ta mutane, wadda aka wanke ce ta Allah. To, ka manta wa ka aura? Ɗiyar mai karantar da littattafai ka ba allo, ka yi zaton ba za ta karanta ba kafin ta kai ga tulu? Allon ya wanku. Ni ban wanku ba.

Yanzu ga abin da ka bar mini. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, ɗango huɗu ka rubuta. Allon yana jingine inda ka aje shi. Ƙannenka sun ce in wanke, na ce wanda ya taɓa shi zai san ni.

Amma Malam, sallata ta lalace. Ina sa goshi a ƙasa, maimakon tasbihi sai ɗangon nan huɗu su taso da muryarka, har da tarin da kake yi kafin na uku, su tsaya cak inda ka tsaya. Sai in samu kaina ina neman ƙafiya a cikin sujada. Na yi ƙabli da ba'adi har na gaji. Wannan ita ce ibadar da ka koya mini? Kai ka tsere wa riya, ka bar ni da rafkanuwa?

Na san ɗango na biyar. Tun kafin a yi maka sadakar arba'in na san shi. Abin da ya hana ni rubutawa, in na cika shi dole in wanke, in na wanke kuma babu sauran rubutun hannunka a gidan nan.

Gobe bayan asuba zan dama tawada in cika. Zan rera sau ɗaya, in zuba wa lemun, da ma ƙishi yake ji. In ƙafiyar ba ta yi maka ba, ka yi haƙuri da ita kamar yadda na yi da tafiyarka. Ka sakar mini sujadata.

Allah ya haskaka makwancinka.

Mai wanke maka allo,
uwar Sani